Zafin Injin Jirgin Ruwa da Yadda Ake Gano Dalilinsa

Ɗan'uwa mai karatu, mai yiwuwa ka tambaya: me ya haɗa mutumin Dakoro da jirgin ruwa? Tambayar tana bisa hanya. A nan ba mu da kogi. Kwarin Tarka ba ya tara ruwa sai da damina, masuntan tafkin Madarunfa da ke kudu da Maraɗi kuwa galibinsu da filafili suke tuƙi. Amma ka duba inda samarinmu ke zuwa cin rani idan an gama girbi. Wasu suna gangarawa Gaya a bakin Kogin Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara. Wasu suna wucewa Yawuri da tafkin Kainji, wasu kuma suna nufar Tafkin Chadi wajen su. Lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin a shekarar 2023, fiton mutane da kaya ya koma ga jiragen ruwa, aikin jirgi ya ƙaru.

Yaron da ya zo daga tudu, da farko kwarfar ruwa da ɗaukar kaya ake ba shi. Idan an ga yana da hankali, wata rana sai a miƙa masa hannun inji. Injin nan kuɗin sabonsa ya kai na ƴan bijimai, kuma zafin minti kaɗan ya isa ya kashe shi. Idan ya mutu a tsakiyar kogi da lodi, ba dukiya kaɗai ke cikin haɗari ba, har da rayukan mutane. Wannan bayani domin wanda za a miƙa wa hannun injin ne, ko ɗansa, ko ƙanensa.

Me ya sa inji ke neman ruwa?

Mu fara da abin da ka sani. Ka ga injin niƙa na garinku, ka ga duron ruwa a gefensa, ko tukunyar ruwa a kansa tana tururi. Ba ado ba ne. Cikin kowane inji wuta ake hurawa. Duk lokacin da mai ya kama, zafin wurin yakan haura digiri 2,000, alhali goran-ruwan da ake ƙera kan injin jirgi da shi yana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke hana shi narkewa shi ne ana kwashe zafin da sauri, kafin ya zauna cikin ƙarfe. Babur iska ce ke kwashe masa. Mota tana yawo da ruwanta a lagireto. Injin jirgi ba ya ɗaukar ruwa ko kaɗan: daga kogin yake zuƙa, ya zagaya da shi cikin jikinsa, ya mayar da shi kogin. Saboda haka lafiyarsa ta dogara ga abu ɗaya, wato ruwa ya riƙa shiga yana fita ba yankewa.

Hanyar da ruwa ke bi

Injunan da aka fi gani a kogunanmu su ne Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15, 25, 40 ko 75, sai Suzuki da Tohatsu. Sunayensu daban, amma hanyar ruwansu kusan ɗaya ce.

A ƙafar injin, wato sashen da ke nutse cikin ruwa, sama kaɗan da farfela, akwai ƴan ramuka masu raga a gefe da gefe. Nan ne bakin da yake sha. Daga nan ruwan ya hau zuwa famfo, wanda ke zaune a saman ƙafar. Cikin famfon akwai wata ƴar farfelar roba mai fukafukai, galibi shida. Makanikai na wajen Najeriya suna ce mata imfela, na wajenmu kuma turbin. Sandar da ke juya babbar farfela ita ce ke juya ta, don haka muddin inji yana tashe tana aiki, ko da ba a sa giya ba. Ita ke tura ruwa ta wani siririn bututu zuwa kan injin, inda yake zagaya silinda ta ƴan hanyoyi da aka bari cikin ƙarfe. A mafitar hanyoyin akwai mai tsaron ƙofa da ake kira tamosta. Shi ke riƙe ruwan har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. Yawancin ruwan yana fita tare da hayaƙi ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Amma masu ƙera injin sun ware ɗan kaɗan, suka fitar da shi ta wani ƙaramin rami a bayan injin, ƙasa da murfi, yana tsartuwa a fili. Matuƙa suna kiransa fitsarin inji. Kada sunan ya ba ka dariya har ka raina shi, domin shi ne bakin da injin ke magana da kai.

Yadda ake karanta fitsarin inji

Da zarar ka tayar da inji, kafin ka kwance igiya, juya ka dubi ramin nan. Cikin ƴan daƙiƙu ya kamata ruwa ya fito. Idan ka ƙirga zuwa goma sha biyar a hankali bai fito ba, kashe injin. Kada ka ƙara masa wuta wai don ya turo ruwan.

Lafiyayyen inji yana tsarto ruwa a miƙe, ba tsinkewa, kuma idan ka ƙara wuta ƙarfinsa yana ƙaruwa. Tara hannunka ka ji. Ya kamata ya zama da sanyi ko da ɗumi irin wanda hannu ke jurewa. Idan yana ɗiga kawai, ko yana fitowa yana yankewa, ko yana tofo iska da kumfa, ko kuwa ya yi zafin da ba ka iya tara hannu, to akwai magana. Idan tururi ne ke fitowa maimakon ruwa, aikin gama ya kusa gamawa, kashe shi nan take.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka san yadda naka injin yake tsartuwa ranar da yake lafiya. Injuna ba ɗaya suke ba, wani fitsarinsa da ƙarfi, wani da laushi tun yana sabo. Wanda ya saba duban nasa kowace safiya zai gane ranar da ya rage, tun kafin zafi ya zo. Kuma ba a tashi kaɗai ake dubawa ba. Cikin tafiya ka riƙa waiwaye, musamman bayan ka ratsa ciyawa, ko ka taɓa yashi, ko ka wuce bakin kasuwa inda leda ke yawo a ruwa.

Sai dai ka riƙe wannan: fitsarin yana shaida cewa famfo na turo ruwa, amma ba ya shaida cewa ruwan ya zagaya ko'ina. Akwai injin da ke tsartuwa da kyau kuma yana ƙonewa a ciki. Za mu zo kan wannan.

Akwai sauran alamu. Ƙarfin inji ya ragu ba dalili. Muryarsa ta canza, ta yi kaushi. Ka ji ƙaurin fenti ko na roba. Wasu injuna suna da ƙararrawa da ke kuka, kuma su rage gudu da kansu idan sun yi zafi. Na sha jin an cire wayar wannan ƙararrawa wai tana damun fasinja. Wanda ya yi haka kamar mai ɗaure bakin karensa ne don ya ji daɗin barci.

Idan zafi ya same ka a tsakiyar ruwa

Rage wuta, fitar da giya, dubi fitsarin. In babu ruwa, kashe injin, a sa filafili ko gora a riƙe kan jirgin don kada igiyar ruwa ta ba shi gefe. Wannan ne ya sa jirgi mai inji bai kamata ya tashi ba tare da filafili da anga ba. Ka gaya wa fasinja su zauna inda suke, domin rububin mutane zuwa gefe ɗaya ya fi mutuwar inji haɗari.

Ɗaga ƙafar injin ka dubi ragar nan. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa: leda ce ta manne, ko kainuwa, ko gansakuka, ko guntun koma. Wani lokaci da ka kashe injin ledar ke faɗuwa da kanta, ka ɗaga ba ka ga kome ba. Share ragar, mayar da ƙafar cikin ruwa, jira injin ya huce kamar minti goma, sannan ka tayar ka duba. In ruwa ya dawo da ƙarfinsa, ka tafi a hankali zuwa gaɓa kana lura. In bai dawo ba, a ƙarasa da filafili ko a nemi wani jirgi ya ja. Kuɗin ja bai kai kuɗin fistan ba.

Kada ka kwara wa kan inji ruwan sanyi yana cikin zafi. Ƙarfe mai zafi idan ya sha sanyi farat ɗaya yakan lanƙwashe ko ya tsage.

Bincike a gaɓa: a fara daga mai sauƙi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwance inji tun ba a duba ƙananan abubuwa ba. Ka bi hanyar ruwan kamar yadda ake bin sawun dabbar da ta ɓata, daga inda aka gan ta a ƙarshe.

Fara da ramin fitsarin kansa. Ƙarami ne, ƙwayar yashi ɗaya tana toshe shi. Idan injin ya daɗe a jingine, zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a ciki. Sami igiyar fatsa mai kauri ka zura a ramin kana juyawa, inji yana tashe cikin ruwa. Kada ka sa ƙusa ko waya mai tsini, za ta huda tiyon da ke ciki. Idan ruwa ya ɓarke da ƙarfi, kuma kan injin bai yi zafi ba, to dama ramin ne kawai, injin lafiyarsa lau.

Sannan ka duba zaman injin a jikin jirgi. Sama da farfela akwai wani faffaɗan faranti. Ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgin, ko ya ɗan fi shi nutsewa da kamar faɗin yatsa. Ƙafafun injuna iri biyu aka fi samu, gajera mai kimanin santimita 38 da doguwa mai kimanin 51. Idan an ɗaura gajera a jirgi mai tsayin baya, ko lodi ya taru a gaba har baya ya ɗaga, ragar za ta riƙa leƙowa tana shan iska. Irin wannan injin ba ya zafi a tsaye, sai an ɗauki gudu ko an shiga igiyar ruwa.

Farfelar roba

Idan raga a buɗe take, rami a buɗe, zaman inji daidai, amma ruwa ba ƙarfi, to zargi ya koma kan famfo. A nan za mu ɗan daɗe, domin mafi yawan zafin injin jirgi daga wannan ƴar roba yake tasowa.

Tana zaune cikin wani ƙoƙon ƙarfe, amma ba a tsakiyarsa ba, ta matsa gefe ɗaya. Idan tana juyawa, fukafukanta suna miƙewa a gefe mai fili su zuƙo ruwa, sannan su lanƙwashe a gefe mai matsi su tura shi sama. Aikinta ya dogara ga taushin robar da kuma yadda bakin fukafukan ke shafar ƙoƙon. Ruwan da take turawa shi ne kuma man shafawarta. Abubuwa uku ke kashe ta.

Na farko, tayar da inji a tudu ba ruwa. Wannan al'ada ta yi yawa: mutum ya gyara buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, sai ya ce bari ya ja igiya ya ji ko zai tashi. Robar da ke gurzar busasshen ƙarfe ba ta kai minti ɗaya ba tare da ta ƙone ba. Injin zai tashi, mai shi ya yi murna, gobe a tsakiyar kogi ya ga sakamako. In za ka gwada inji a tudu, tsoma ƙafarsa cikin duro, ruwa ya rufe faffaɗan farantin nan sosai.

Na biyu, yashi da laka. Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. A watannin Agusta da Satumba ana samun jan ruwa, wanda rassan Goruwal da Dargol da Sirba ke kawowa daga wajen Burkina Faso cike da laka. Daga baya, wajen Disamba da Janairu, ruwan da ya taso daga ƙasar Gini yake isowa, shi ya fi tsabta. Daga nan kogin ya yi ta ja baya har watannin Mayu da Yuni, tsibiran yashi su fito. A shekarar 1985 ma sai da ya daina gudu a Yamai. To, lokacin jan ruwa da lokacin ƙarancin ruwa su ne lokutan da famfo ke shan wuya. Duk sanda farfela ta tono yashi, bakin injin yana nan kusa yana zuƙa, yashin kuma yana cin roba da ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Idan ka iso wuri marar zurfi, ɗaga ƙafar kaɗan ka rage wuta, ko ka kashe a tura da gora.

Na uku, zama. Robar da ta yi watanni ba ta juya ba takan bushe, fukafukan su sandare a lanƙwashe. Injin da aka ajiye aka tafi noma, a duba famfonsa kafin a koma aiki.

Kamfanin Yamaha yana ba da shawarar a duba wannan roba kowace shekara ko bayan awa 100 na aiki, a canza ta bayan awa 300 ko shekara uku. Ka yi lissafi da kanka: jirgin fito da ke aiki awa biyar a yini yana cika awa 300 cikin wata biyu. A ruwa mai yashi kuwa ba lalle ta kai hakan ba. A ganina matuƙin da ke aiki kullum ya riƙa ajiye sabuwa guda cikin akwatinsa, a naɗe, nesa da rana da fetur.

Canza ta ba wuya, amma karon farko ka yi shi gaban makaniki. Ana raba sandar giya, a kwance notocin da ke riƙe da ƙafa, a zare ta. A injuna da yawa akwai noti ɗaya da ke ɓoye ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke saman farfela. In ƙafa ta ƙi fita, nemi shi, kada ka sa guduma. Idan an buɗe murfin famfon, ƙirga fukafukan. In ɗaya ya gutsure, dole a nemo guntun, domin ruwa ya tafi da shi cikin bututu ko kan inji, kuma can zai toshe hanya ko da an sa sabuwar roba. Shafa ƙoƙon da farantin ƙasa da farce. In farcenka yana maƙalewa a zane, su ma a canza su, don sabuwar roba a kan zagaggen ƙarfe ba ta daɗewa. Akwai wani ɗan makulli ƙarami kamar tsinken wata da ke haɗa robar da sanda. Shimfiɗa zane kafin ka fara, don in ya faɗi cikin rairayi ka rabu da shi, kuma in babu shi sanda za ta yi ta juyawa roba tana tsaye. Wajen mayar da murfi, shafa wa ƙoƙon ɗan ruwan sabulu, ka riƙa juya sandar ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kana danna murfin a hankali, don fukafukan su kwanta ta fuskar da ta dace. A ƙarshe ka tabbata bututun ruwa ya shiga bakinsa lokacin da ake mayar da ƙafa. Sau da yawa an sa sabuwar roba ruwa bai zo ba, ashe bututun ne ya kauce.

Kasuwa ta cika da jabun robobi masu arha. Wasu ba sa kai wata guda. Wanda ya saya don rangwame, sau biyu zai kwance ƙafar inji.

Ruwa yana fita, amma inji yana zafi

Yanzu mu koma kan abin da muka ajiye. Fitsari da ƙarfi, amma kan inji ya yi zafi. Yaya za ka tabbatar? Kashe injin, buɗe murfi, ɗiga ruwa kaɗan a kan silinda. In ya yi cuu ya ƙafe nan take, zafin ya wuce ƙima. Lafiyayyen ƙaramin inji kana iya taɓa kansa na ɗan lokaci ka ɗauke hannu ba ƙuna. Kada ka kai hannu ko bakin riga wurin inji yana juyawa.

A nan wanda ake fara tuhuma shi ne tamosta. Yana ƙarƙashin wani ƙaramin murfi mai noti biyu ko uku a kan injin, ko da yake wasu ƙananan injuna ba su da shi. Idan yashi ko tsatsa suka riƙe shi a rufe, ruwa zai iso ƙofa ya tsaya. Gwajinsa a murhu ake yi. Ɗaure shi da zare, rataya shi cikin tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, ka hura wuta. Tsakanin digiri 50 da 60, wato lokacin da ruwan ya fi ƙarfin yatsa amma bai kusa tafasa ba, za ka ga bakinsa ya buɗe. In har ruwa ya tafasa bai motsa ba, ya mutu.

Makanikai da yawa sukan cire shi su jefar, su ce ƙasarmu da zafi ba a bukatarsa. Don a ƙarasa gida, babu laifi. Amma barin inji haka ba daidai ba ne. Injin da ba ya ɗumama ba ya ƙone mai da kyau, yana shan fetur, buji yana yin baƙi, gawayi yana taruwa a zobban fistan. A sayi sabo a mayar.

In tamosta lafiya yake, to hanyoyin ruwan da ke cikin ƙarfe ne suka cushe da laka. Wannan aikin makaniki ne, sai an buɗe an kankare.

Agogon ƙarfin ruwa da lokacin da zafin ke zuwa

Manyan injuna, irin na jiragen hukuma da na ma'aikatan lafiya, wasunsu suna da agogo mai nuna ƙarfin turin ruwa. Allurarsa tana ƙasa idan inji yana silo, tana hawa idan an ƙara wuta. Lambar da ta dace ta bambanta daga inji zuwa inji. Abin yi shi ne ranar da aka sa sabuwar roba ka rubuta lambar da ya nuna a silo da wadda ya nuna a cikakken gudu. Su ne ma'auninka. In allura ta faɗi ƙasa da su kuma inji yana zafi, ruwa ne ba ya isowa: duba raga da famfo. In ta haura sama da su kuma inji yana zafi, ruwa yana isowa amma ya rasa mafita: duba tamosta da hanyoyin ciki. In tana rawa tana hawa da sauka, iska yake sha.

Wanda ba shi da agogo, lokacin da zafin ke zuwa zai ba shi labari. Injin da ke zafi a silo amma ya huce idan an ɗauki gudu, galibi robarsa ce ta gaji, domin a ƙaramin juyi ne ake bukatar fukafukan su shafi ƙoƙo sosai. Wanda ke lafiya a silo amma ya yi zafi a gudu, ruwan da ke shiga ne bai ishe shi ba: raga ta toshe rabi, ko an ɗaura shi sama da yawa, ko hanyoyin ciki sun ƙuntata. Manyan injuna suna da wata ƙofa ta biyu mai sifirin da ke buɗewa idan turi ya yi yawa. Ita ma yashi yana riƙe ta, a gaya wa makaniki ya duba.

A azuzuwanmu na yaƙi da jahilci nakan ce wa masu zuwa aikin inji su sayi ƙaramin littafi na aljihu. Ranar da aka canza roba, awa nawa aka yi kowace rana, yaushe zafi ya zo, a silo ko a gudu. Makanikin da aka kawo wa irin wannan rubutu ba ya lalube, kuma yaron jirgin da ke da shi ba a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Zafin da ba na ruwa ba

Wani lokaci hanyar ruwa duk lafiya, amma inji yana wahala. Yawancin injunan kogunanmu irin waɗanda ake haɗa wa fetur da man inji wuri ɗaya ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. Wato bido mai lita 25 yana ɗaukar rabin lita, lita 10 tana ɗaukar mililita 200, lita 5 kuma mililita 100. Sabon inji yana son ninkin haka a awa goma na farko. Duba littafin injinka ka tabbatar. A nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin gwangwaninsa, shi aka yi domin injin da ruwa ke sanyayawa. Wanda ya rage mai don tsimi, fistan zai gurji silinda a bushe har ya kama. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa ba ya cikin lissafi sam. Sababbin injuna masu ma'ajin mai daban, kamar na mota, ba a haɗa musu, sandar awo ake dubawa kowace safiya.

Fetur ɗin kwalba na ƴan ruwa-ruwa a tace shi da kyalle mai tsabta. Datti idan ya ƙuntata hanyar mai a kafireta, iska takan fi mai yawa, wutar ta yi zafi fiye da ƙima. Buji zai nuna maka: na lafiyayyen inji bakinsa ruwan ƙasa ne, na mai wannan ciwo kuwa fari fat.

Sai lodi. Injin doki 15 da aka ɗora wa aikin doki 40 yana nishi a cikakkiyar wuta tun safe har yamma, juyinsa bai kai ba, zafinsa ya wuce. Illar lodi ba ta tsaya ga inji ba. A watan Satumba na 2017 wani jirgi da ya taso daga Gaya da ƴan kasuwa zuwa Lolo a jihar Kebbi ya kife, mutane fiye da 30 suka rasu, hukumomi kuma suka danganta abin da yawan lodi.

Bayan inji ya sha zafi

Ko an gano dalili an gyara, a duba ɓarnar da zafin ya bari. Fentin kan silinda da ya canza launi ko ya kumbura alama ce zafin ya kai nisa. Kwance buji ka duba. In ka ga ɗigon ruwa a bakinsa, ko ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa yana da launinsa, to gaskit ɗin da ke tsakanin kai da silinda ya ƙone, ruwa yana shiga inda wuta take. Irin wannan injin yakan tofa kumfa ta ramin fitsari, domin hayaƙi yana kutsawa hanyar ruwa. Ja igiya a hankali: in ta zo da sauƙi fiye da yadda ka saba, matsin injin ya zube. In ta ƙi motsi, fistan ya kama, kada ka tilasta. Duk waɗannan a kai wa makaniki da wuri, don ruwan da ya kwana cikin inji tsatsa yake haifarwa. Kuma tamostan da ya sha irin wannan zafi a gwada shi a tukunya kafin a yarda da shi.

Idan ka dawo gida

Da damina za ka dawo gona, kuma abin da ka koya a kogi zai yi maka aiki a Dakoro, ko Kornaka, ko Sabon Mashi, wurin injin niƙa mai shan gazuwal. Mai duro ba shi da famfo: ruwan zafi ne ke hawa ta tiyon sama da kansa, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa. In ruwan duron ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama, zagayen ya tsaya cak, ko da duron yana da ruwa fiye da rabi. Taɓa tiyon biyu: na sama ya yi zafi, na ƙasa ya fi shi sanyi. Mai tukunya a ka kuwa, tururi a wurinsa ba ciwo ba ne, haka aka yi shi. Abin tsoro shi ne ruwan ya ƙafe. Ana ƙara masa kaɗan-kaɗan tun bai sauka ba. In an yi sakaci ya ƙafe ƙaf, a kashe a jira ya huce kafin a zuba wani.

Ruwan wasu rijiyoyinmu yana barin farin ɓawo, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Ɓawon nan yana taruwa cikin inji ya hana zafi fita. Mai injin niƙa ya tari ruwan sama a duro mai murfi tun damina tana tsaka, ya tace shi, ya keɓe shi domin injin kaɗai.